Gwangwanayen Lemun Baba

Saura kwana biyu Babbar Sallah ta shekarar 1975, da hantsi, ina tsugune gaban faifai ina tsince tsakuwa cikin dawar da za a surfa, sai na ji yaran unguwa sun ɗauki ihu daga bakin hanyar Pauwa, "Ga mutumin Kaduna! Ga mutumin Kaduna!" Na watsar da faifan na ruga, kaji suka samu rabonsu. Baba ne, ya rame ya ƙara duhu, rediyo rataye a kafaɗarsa, a kansa kuma wani akwatin katako marar murfi, korayen ganye suna leƙowa ta sama suna rausaya da tafiyarsa. Samari biyu suka kai hannu za su karɓe shi kamar yadda ake yi wa duk wanda ya dawo daga tafiya, ya ƙi. Tun daga inda motar Ƙanƙara ta sauke shi a Pauwa shi ya ɗauko abinsa, bai yarda ko a kan jaki a ɗora ba. Da ya shigo gida ya durƙusa a hankali ya sauke a inuwar rumbu, muka kewaye shi. Gwangwanayen madarar gari ne guda goma, kowanne da ɗan tsiro a ciki wanda tsawonsa bai wuce kamu biyu ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta leƙa ta taɓe baki. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye sai dai ta faɗa wa iska. Ta ce, "Kowa nashi ya zo mai da turmin atamfa, namu ya ɗauko mana daji bisa kai." Aka yi dariya har da Baba. Ni kuwa a raina na bi bayan Kaka, domin takalmin roba na sa rai da shi.

Fari ne ya kai Baba Kaduna. Shekara biyu kafin nan ruwa ya ɗauke gero yana bunni, dawa ta tsaya iya gwiwa ta ƙone a tsaye, rijiyoyin ƙauyenmu suka ƙafe sai guda ɗaya. An sayar da sanmu na noma, an ci irin shuka, an koma tafasa da rama ba ƙuli. Ƙanwata Balaraba a wannan shekarar ta rasu, ba ta kai yaye ba. Da lokacin girbi ya zo rumbu wayam, Baba ya bi ayarin masu tafiya cin rani. Lokacin ana ta labarin kuɗin mai sun zubo a birni, ana gine-gine ba dare ba rana. Mu a ƙauye abin da muka gani na wannan arziki shi ne rediyo, da keke, da samarin da suka tafi ba su dawo noma ba. Baba ya samu aiki a wani lambu da ake renon furanni da 'ya'yan itatuwa don sababbin gidajen manya. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya yi kwana biyar ya koma, kuma duk ranar komawarsa sai na ɓuya bayan rumbu don kada a ce in yi masa rakiya in yi kuka gaban mutane.

Washegarin Sallah, bayan an gama suyar nama, ya kira ni gaban gwangwanayen. Shekarata goma, ni ce babba, Inna tana fama da goyo, ƙannena kuwa ko akuya ba su isa kora ba. Ya nuna mini wani ɗan tabo a jikin kowane tsiro, ya ce lemun zaƙi ne mai aure, wato reshen wani iri a kan saiwar wani, shi da hannunsa ya haɗa su a wani lungu na lambun da izinin shugaban aikinsu, bayan ya lalata fiye da yadda zai iya tunawa kafin hannunsa ya faɗa. Ya ce irin wannan shekara uku ko huɗu yake fara 'ya'ya. Muna da ɗan fegi a bakin fadama da ya gada, nan yake so ya dasa su idan damina ta zauna. "In sun kai damina da rai, Saude, na gama da Kaduna. Gida za ni zamna." Sannan ya dafa kaina ya ce, "Amana ce. Kada awaki su taɓa, kada ki bari su bushe." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa abu ɗaya na riƙe: idan lemun nan ya rayu, Baba ya dawo gida ke nan.

Ba wanda yake bukatar ya koya mini darajar ruwa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, kuma mu duka maciji ɗaya ya sare mu. A gidanmu ruwan wankin hatsi na awaki ne, ruwan alwala gindin zogale ake zuba shi, wanda ya bar moɗa da saura ya zubar sai ya sha ranƙwashi. Kaka ita ce likitar duk abin da ke yoyo. Ƙwarya ta tsage ta ɗinke, bokiti ya huje ta cusa tsumma ta liƙe da ƙaro, tulu ya yi zufa fiye da kima ta shafe shi. A makarantarmu ta Pauwa ma haka ne. An raba wa kowane ɗalibi ɗan itacen bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, a bakin filin wasa, kowa ya zo da ruwa a kwalba kullum safiya kafin a buga ƙararrawa. Wanda nasa ya bushe, bulala shida ce gaban taro. Ban taɓa ganin an doki wani don ya cika ba wa bishiyarsa ruwa ba.

Ranar farko da na shayar da su bayan tafiyar Baba, na ga abin da ya tayar mini da hankali. Ina zubawa ta sama, ruwan yana bi ta ƙasa yana malala, agwagi suna rububin sha. Na ɗaga gwangwani ɗaya na duba gindinsa, huji biyar. Na ɗaga na biyu, haka. Duka goman a huje suke. Na tuna nisan rijiya, da layin da nake bi tun asuba, da zafin gammo a tsakar kaina, na ce lalle a birni aka cuci Baba aka ba shi ruɓaɓɓun gwangwanaye. Na kira Kaka. Ta duba hujin ta yi salati, sannan ta cusa yatsa cikin ƙasar ta ɗebo ta murza. Wata irin ƙasa ce sakwat, ba nauyi, yashi a ciki, da ƙaiƙayin shinkafa, da ɓurɓushin ganye. Kaka ta yi shekara sittin tana noma, ta san jigawa ta san fadama, ta san ƙasar da gyaɗa ke so da wadda auduga ke so. Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ƙawata, wagga ba ƙasa ba ce, shara ce. Mi zai rayu cikin shara?"

Shawarar tawa ce, ba zan ɗora wa tsohuwa ba ko da tana kabari. Ni na ce mu sauya musu mazauni. Kaka ta fito da tsofaffin tukwanenta na ƙasa, waɗanda bakinsu ya gutsure amma gindinsu lafiya lau, biyun da ke da tsaga ta liƙe su tsaf. Na yi sawu bakwai zuwa fadama da ƙwarya a ka, ina ɗebo baƙar lakar nan mai danƙo da ke ba mu rake da albasa, wadda kowa ya san babu kamarta a yankinmu. Muka zare kowane tsiro, muka karkaɗe sharar birni daga saiwarsa, muka dasa shi cikin laka muka danne da tafin hannu kamar ana cusa daddawa a tulu. Na zuba ruwa, ya tsaya cak a sama yana ƙyalli, ko ɗigo bai fita ba. Daɗi ya kama ni har na yi rawa. Gwangwanayen kuwa Kaka ta wanke ta toshe hujinsu da ƙaro, ta zuba gishiri da kanwa da barkono. Bayan kwana uku wata akuya ta tsinke ta cinye kan guda ɗaya, sai na kwashe su duka na shigar da su ɗakin Baba da ke rufe, na jera su jikin bango ƙarƙashin ɗan tagar da ba ta fi faɗin faifai ba.

Makonni uku na farko ba abin da ya faru, har biyu suka yi sabon toho. Na riƙa tafiya makaranta ina jin kaina wata babba. Safe tulu ɗaya, yamma tulu ɗaya, ban taɓa fashi ba. Sa'o'ina suna dandali suna gaɗa da carafke, ni ina hanyar rijiya. Suka sa mini suna uwar lemu, ban damu ba.

Sai ganyen ƙasa suka fara yin rawaya. Daga nan suka yi laushi suka rataye, kamar dai yadda na ga dawarmu ta yi shekarar fari. A duniyar da na sani, ganye ba ya yin haka sai don ƙishi. Na ƙara ruwa, na mai da shi sau uku. Kaka ta ce wataƙila yunwa ce, na kwaso ɗanyen kashin awaki daga turke na barbaɗa a kai. Saman lakar ya yi gansakuka, wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka cika ɗakin, da wani wari mai tsami da na ɗauka na takin ne. Da bazara ta shigo rijiya ta ja ƙasa, guga sai ya daɗe kafin ya taɓa ruwa, aka koma rabo: kowane gida tulu kaza. Na daina wanka sai bayan kwana uku, ina kai musu nawa. Akwai ranar da Inna ta kama ni ina rage randar sha, ta zabga mini mari, kuma da gaskiyarta, don tana shayarwa. Ban fasa ba, sai dai na koyi yi a ɓoye. Ganyen suna zuba ɗaya bayan ɗaya, ina tsincewa ina turawa ƙarƙashin tabarmar Baba don kada kowa ya gani. Na farko ya mutu, reshensa ya yi baƙi daga sama zuwa ƙasa. Kafin mako biyu na biyu da na uku suka bi shi.

A cikin wannan hali maƙwabcinmu Malam Iro, wanda ke gadi a Kaduna kusa da wurin aikin Baba, ya zo ganin gida. Ya yi sallama a zaure ya miƙo saƙon sabulu da sukari, ya ce Baba ya ce lalle ya ga lemun da idonsa. Na tsaya a bakin zaure. Na ce masa mabuɗin ɗakin yana wurin Inna kuma tana barci, amma ya gaya wa Baba suna nan lafiya, har sun yi toho. Lokacin bakwai suna da sauran rai. Da na buɗe masa ɗakin, da ya koma ya faɗi abin da ya gani, da Baba ya aiko da magana guda ɗaya da za ta tsirar da su. Tsoro ya hana ni. Na fi shekara arba'in ina juya wannan tsayuwar da na yi a bakin zaure, kuma har yau ban sami inda zan ajiye ta ba.

Baba ya dawo kwana biyu bayan ruwan shuka. Wannan karon ya bar samari suka karɓi kayansa, kuma kayan da yawa: tabarmarsa, fitilarsa, 'yar tukunyar da yake girki, har da bokitin wankansa. Ya ajiye aiki. Ko ruwan da Inna ta kawo bai sha ba ya ce, "Ina amanata?" Na nuna masa ɗakinsa. Shi ya tura ƙofar ɗakin da kansa, warin ya fito ya tarye shi. Ya daɗe a ciki. Sannan ya fito da tukunya ɗaya ya ajiye tsakar gida, ya kama karan da yatsa biyu ya ja, ya zaro ba wata gardama. Saiwar ta yi baƙi ta saɓule, tana narkewa a hannunsa. Ya karkata tukunyar, wani baƙin ruwa mai ɗoyi ya kwararo har gindin turmi. Haka ya yi wa goman, ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowace saiwa ko zai sami fari a jiki. Bai samu ba.

Ya tambayi gwangwanayensa. Na ɗauko na gishiri, ya juye gishirin a faifai, ya sa tsinke ya ƙwaƙule ƙaron, ya ɗaga gindin sama har hasken rana ya ratso ta huji biyar ɗin. Ya ce, "Ni na huda su da ƙusa, Saude. Saiwa ma numfashi take." Kaka tana zaune bakin ɗakinta da abawa a hannu. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ga ta dubi Baba ido cikin ido. Ta ce, "Ni ce. Ka bar yarinya." Baba ya girgiza kai ya ce, "Ba ke ba ce, ba ita ba ce. Ni ne ban hwaɗa ba. Na zamna cikin abin har na manta ba kowa ya sani ba." Bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Na so a ce ya dake ni. Ban gaya masa zancen Malam Iro ba, shi ma bai tambaya ba, ko da yake ya ga ganyen da na ɓoye lokacin da ya ɗaga tabarmar ɗakinsa.

Ya yi daminar tare da mu. Wata rana muna hutun noma a gindin ɗorawa ya tara yashi kashi ɗaya, ƙasar gindin bishiya kashi ɗaya, tsohon takin da ya ruɓe ya huce kashi ɗaya, ya watsa ƙaiƙayi ya cuɗa. Ya jiƙa, ya dunƙula a hannu ya buɗe, dunƙulen ya wargaje da kansa. Ya ce ƙasar tukunya ke nan. Lakar fadama a fadama take da kyau, don can ruwa yana da wurin tafiya, amma a tukunya kurkuku ce. Ya kama yatsana ya cusa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu ya ce in na ji sanyi in ajiye butata, ko da ganyen yana roƙona. Wannan damina ita ce mafi daɗi da mafi ɗaci a ƙuruciyata, don ina ganinsa kullum kuma na san ba zama ya zo yi ba. Hatsin da muka samu bai isa shekara ba, gyaɗa ta lalace, ba sa, ba lemu. Ana gama ɗaurin dawa ya naɗe tabarmarsa ya koma roƙon aikin da ya bari, ya ce zai sake haɗa wasu.

Shekara ɗaya da rabi ya ɗauka. A farkon damina ta biyu ya aiko cewa yana tafe da goma sha biyu. Motar katakon da suka shiga ta faɗi tsakanin Zariya da Funtuwa, an yi mata lodin siminti da mutane a sama. A wani ƙauyen bakin hanya aka binne shi tare da sauran, ba mu ga gawarsa ba. Malam Iro, da suke mota ɗaya, ya iso bayan kwana huɗu da hannu a ɗaure. Ya ajiye rediyon Baba da hularsa gaban Kaka. Sannan ya ciro wani gwangwani da ya lotse daga cikin buhu ya ce akwatin ya tarwatse a titi, wannan kaɗai ya ga kansa bai karye ba, ya tattara ƙasar da hannu ɗaya ya mayar. Ni ya miƙa wa. Na juya gindinsa, huji biyar.

Ba na jayayya da ƙaddara, kwanan Baba ne ya ƙare. Malamai sun gaya mini, Inna ta gaya mini, ni ma na gaya wa wasu a nasu rashin. Amma yarinyar da ke cikina ta san lissafinta: da lemun farko ya rayu, da ranar nan Baba yana bakin fadama da fartanya, ba bisa buhun siminti ba. Na reni wannan guda ɗaya da yatsa, ina hana kaina. Sau da yawa na tsaya a kansa da buta a hannu ina kuka, na juya ban zuba ba. Da ruwa ya zauna muka dasa shi ni da Kaka a tudun bakin fegin, inda ruwa ba ya kwanciya. Kaka ba ta ga 'ya'yansa ba. A shekara ta huɗu ya yi guda tara, Inna ta ƙi sha.

Yanzu ina zaune a Funtuwa, na yi ritaya daga koyarwa, ruwa yana zuwa har cikin gida ta famfo idan an ga dama. Barandata cike take da tukwanen shuka, kuma masu sayar da su a bakin titi sun san ni, tsohuwar da ba ta tambayar launi sai ta fara kife tukunya ta duba gindi. Jikokina suna son shayarwa, kowa da butarsa, sai in kama ɗan yatsan mutum in cusa a ƙasa in tambaye shi abin da ya ji. Suna dariya, sun ɗauka wasa ne. Ƙauyenmu kuwa ya watse, tashin hankalin daji ya kori kowa, rabona da fegin nan shekara biyar. Bara wani ɗan Malam Iro ya yi kasada ya leƙa, ya ce rumbuna sun rushe, ɗakin Baba ya zama turɓaya, ciyawa ta cinye hanyar rijiya, amma lemun yana nan tsaye, ya tsufa, gefe ɗaya ya bushe, ɗayan gefen 'ya'ya sun zuba a ƙasa ba mai tsinta. Na tambaye shi wa ke ba shi ruwa, ya ce ba kowa.

Da na bar goman farko da ƙishinsu, da Baba ya tsufa a gida.